Awa Uku a Jirgin Ruwa Mai Daɓen Gilashi

Yayata ce sanadin wannan tafiya. Ta haura shekara sittin, ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce mata gwiwa ba, amma tun ranar da muka sauka a bakin teku ba ta daina tambayar abin da ke kwance a ƙarƙashin wannan shimfiɗaɗɗen ruwa ba. Da na ga ana tallar wani jirgin ruwa da aka yi wa daɓe da gilashi, sai na yankar mana tikiti mu uku, ni da ita da ɗana mai shekara 11. Takardar tallar ta yi alkawarin abu biyu cikin awa uku. Za a kai mu kan duwatsun murjani mu kalli kifaye ta gilashin ba tare da mun jiƙa ko yatsa ba, daga nan a wuce da mu wani lungu na gaɓar teku inda ruwa yake kwance, duk mai sha'awa ya sauka ya yi ninkaya. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin ina da ƙorafi a kansa, kuma abin da zan faɗa ya shafi duk mai niyyar shiga irin wannan jirgi a kowane teku.

Jirgin ba babba ba ne. Yana da rumfa ta tamfol daga gaba har baya, da dogayen bencuna biyu masu fuskantar juna, da inji guda ɗaya a baya. A tsakanin bencunan an gina wani dogon akwati marar murfi wanda bakinsa ya kai gwiwar mutum, a ƙasansa kuma aka jera gilasai huɗu masu kauri. Abin da yayata ta fara tambaya tun kafin ta zauna shi ne abin da zai faru idan gilashin ya fashe. Matuƙin, wani dattijo marar yawan magana, bai ɗauki tambayar da wasa ba. Ya nuna mata cewa bakin akwatin ya ɗara ruwan da ke waje tsawo, saboda haka ko da gilashi ya tsage, ruwa zai hau cikin akwatin ne ya tsaya daidai da na waje, ba zai malalo cikin jirgin ba. Wannan amsa ta kwantar mata da hankali fiye da duk lallashin da na kwana ina yi mata, kuma daga nan na fara ganin girman mutumin.

Wani zai ce me gilashin ya ƙara, tunda ruwan irin wannan wuri garai-garai yake. Duk wanda ya taɓa leƙa tafki da rana tsaka ya san cewa abin da yake fara gani sararin sama ne da inuwar kansa, kuma da iska ta ɗan kaɗa sai komai ya wargaje. Gilashin da ke manne da ruwa yana kawar da matsalolin biyu a lokaci guda, domin yana danne fuskar ruwan ta zama sumul, babu ƙyalli kuma babu motsi. Rumfar ma ba don inuwar fasinja kaɗai aka yi ta ba, domin idan hasken rana ya faɗo kan gilashin daga sama, madubi yake zama, mutum ya riƙa kallon fuskarsa maimakon ƙasan teku. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun shekarun 1870 ake yawo da baƙi cikin irin waɗannan jirage a maɓuɓɓugar Silver Springs da ke jihar Fulorida a Amurka, yau kuma ana samunsu tun daga Bahar Maliya har gaɓar Ostireliya.

Mu ashirin ne a ciki, ban da matuƙin da wani saurayi ɗan jagora. Mun tashi a kan lokaci, kuma wannan abin yabo ne. Da jirgin ya ɗauki gudu, kowa ya sunkuya kan akwatin yana jiran ya ga abin mamaki, amma babu abin da ke wucewa ƙarƙashin gilashin sai farin kumfa, domin jirgi mai gudu yana tura iska ƙarƙashin cikinsa. A nan ne na ga sakaci na farko. Kamata ya yi ɗan jagoran ya gaya wa mutane su ɗaga kai su kalli nesa har sai an isa, domin sunkuyar da kai a cikin jirgi mai tangaɗi ita ce hanya mafi sauri ta jawo jiri da tashin zuciya. Ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ana zaune wuri ɗaya, cikin kunne kuma, inda ma'aunin daidaiton jiki yake, yana gaya mata ana hawa da sauka, wannan saɓani ne yake juya wa mutum ciki. Kafin mu yi minti goma sha biyar wata mata da ke kusa da mu ta jingina kai da ƙarfen rumfa, fuskarta ta canja, kuma ba ta ƙara leƙa gilashin ba har muka dawo. Jimla ɗaya daga bakin ɗan jagoran da ta ishe ta.

Sai matuƙin ya rage wuta, sannan ya kashe injin gaba ɗaya. Kumfan ya watse a hankali kamar ana yaye labule, ruwan ya washe, ƙasan teku ya taso mana. Na taɓa kafaɗar yayata na ce, "Yaya, leƙa yanzu." Ta riƙe bakin akwatin da hannu biyu ta leƙa, ta daɗe ba ta ce komai ba. A ƙarƙashinmu akwai wani dutsen murjani mai kama da ƙatuwar tukunya da aka kife, jikinsa duk zane-zane masu lanƙwasa, a gefensa kuma wasu masu rassa kamar ƙahonnin barewa, ƙananan kifaye shuɗɗa suna shiga tsakanin rassan suna fita. Wani garken kifaye masu ratsin baƙi da fari ya ratsa ta ƙarƙashin gilashi na farko, ya ɓullo a na biyu, ya wuce na uku, fasinjoji suna binsa da yatsa daga wannan kai zuwa wancan. Ɗana ya ce, "Goggo, ga wani can ya fi su girma!" Ita kuwa abin da ta iya faɗa, da murya ƙasa-ƙasa, shi ne, "Ikon Allah. Ashe gari ne guda a ƙasa."

Wannan shi ne abin da jirgi mai daɓen gilashi yake sayarwa, kuma babu wata hidima da ke maye gurbinsa. Mai iya ninkaya yana da tabarau da bututun numfashi, mai ƙarfin hali yana da tukunyar iska a baya. Tsohuwa da ƙaramin yaro da mai ciwon ƙafa da wanda tsoron ruwa ya hana shi kusantarsa ba su da wata taga zuwa wannan duniya sai wannan akwati. Saboda haka nake auna kamfanin da yadda ya riƙe waɗannan mintoci kafin in auna shi da komai.

Ɗana ne ya fara lura da cewa launukan ba su kai na takardar talla ba. Ya ce, "Baba, ina jajayen da muka gani a hoto?" Yawancin abin da ke ƙasa ruwan ƙasa ne da kore-kore da shuɗi mai duhu. Wannan ba laifin kamfanin ba ne, kodayake tallarsu ta yi ƙari. Ruwa yana shanye launukan hasken rana ɗaya bayan ɗaya, kuma ja ne yake fara ɓacewa, cikin 'yan mitoci kaɗan daga sama, sannan ruwan lemo da rawaya su biyo baya, shuɗi ne yake nisa. Hotunan da ake bugawa a takardun talla galibi da fitila ake ɗaukarsu daga kusa, fitilar ce take mayar da jan da ruwa ya shanye. Akwai kuma wata yaudarar ido da ya kamata fasinja ya sani. Haske yana karyewa idan ya fito daga ruwa zuwa iska, shi ya sa abin da ke zurfin mita huɗu yake bayyana kamar yana mita uku, kifi kuma ya ƙara girma a ido. Yayata ta tsorata sau biyu tana tsammanin cikin jirgin zai gogi dutse, alhali akwai tazara mai yawa a tsakani. Wannan yaudara ba ta da illa a cikin jirgi, amma tana da haɗari ga wanda zai sauka yana zaton ƙafarsa za ta taɓa ƙasa.

Ɗan jagoran ya kira abin da muke gani duwatsu da tsirrai, kuma a nan ya tauye wa fasinjoji haƙƙinsu, domin gaskiyar ta fi haka ban mamaki. Murjani ba dutse ba ne kuma ba tsiro ba ne. Ƙananan halittu ne dangin dabba, dubbai a wuri guda, kowace tana gina wa kanta ɗan ƙoƙo mai tauri da sinadarin farar ƙasa da take tsamowa daga ruwan teku, 'ya'ya su yi gini a kan gidajen iyaye har abin ya zama tsauni. A cikin naman jikinsu akwai wata irin gansakuka da ido ba ya gani, ita ce take amfani da hasken rana ta samar musu da mafi yawan abincinsu, ita ce kuma take ba su launi. Dalilin ke nan da ya sa irin wannan murjani yake zama a ruwa marar zurfi, mai ɗumi, mai haske, wato daidai inda jirgi irin namu zai iya kai mutum. Masu siffar tukunya ba sa ƙara fiye da kimanin santimita ɗaya a shekara, saboda haka wanda ya kai tsawon mutum ya haura shekara ɗari yana girma. Duwatsun murjani ba su mamaye ko kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan tekunan duniya ba, amma an ƙiyasta cewa kusan rubu'in nau'o'in halittun teku suna dogara da su. Da na gaya wa yayata cewa tukunyar da take kallo ta girme ta, sai ta ƙara sunkuyawa ta sake dubanta da kyau.

A wani gefe mun ratsa ta kan fili guda inda rassan suka yi fari fat, a bayansa kuma wasu sun karye sun zube, gansakuka mai duhu ta lulluɓe su. Wata fasinja ta ce farin ya fi kyau, ɗan jagoran kuma bai gyara mata ba. Wannan fari alamar ciwo ce. Idan zafin ruwa ya ɗara abin da aka saba a lokacin zafi da digiri ɗaya kacal a ma'aunin Salshiyas, kuma ya ɗauki makonni a haka, murjani yakan kori gansakukar da ke jikinsa, sai farin ƙashinsa ya bayyana. Bai mutu ba tukuna, yunwa yake ji, kuma idan ruwan ya huce da wuri yana iya farfaɗowa, idan kuwa zafin ya daɗe sai ya mutu. A 1998 wannan annoba ta auka wa tekunan duniya, ta yi mummunar ɓarna a Tekun Indiya, sannan a 2016 da 2017 ta bugi babban shingen murjani na Ostireliya, mai tsawon kimanin kilomita 2,300, shekara biyu a jere. Kamfanin da abincinsa ke fitowa daga nuna wa mutane murjani ya kamata ya koya wa ma'aikacinsa ya bambanta mai lafiya da marar lafiya, ya kuma iya bayyana wa baƙi cikin jimla uku.

Shi kuwa matuƙin ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri. Bai jefa anga a kan murjani ba, abin da ake yi a wurare da yawa kuma yake farfasa ginin shekaru cikin daƙiƙa guda. Ya bar jirgin yana tafiya da ruwa, yana gyara masa hanya da doguwar gora ba tare da ya dogara ta a kan wani abu mai rai ba, yana kuma juya shi yadda inuwar rumfa za ta ci gaba da rufe gilasan. Shi ne ya ƙwanƙwasa bakin akwatin ya nuna mana wani kifi kore da shuɗi mai baki irin na aku, yana gatsar jikin dutse. Da yake injin a kashe yake, har ƙarar gatsar muna ji sama-sama ta cikin katakon jirgin. Wannan kifi gansakuka yake kankara, amma yana haɗiye ta tare da ɓarɓashin dutsen, ya niƙe shi a maƙogwaro, ya fitar da shi a matsayin farin rairayi. Mun ga ya saki wani farin gajimare a bayansa yana tafiya. Wani kaso na lallausan rairayin da mutane ke kwanciya a kai a irin waɗannan gaɓoɓi ta cikin wannan kifi ya biyo.

Babban ƙorafina shi ne lokaci. Na duba agogo sa'ad da aka kashe inji, na sake dubawa sa'ad da aka tayar, minti 18 ne a tsakani. Cikin awa uku da aka yi mana alkawari, abin da aka sa wa jirgin suna dominsa bai samu ko minti ashirin ba. Wasu samari a cikinmu sun ƙagu su isa wurin ninkaya, suna ta yi wa ɗan jagoran magana, shi kuma ya juya ya yi wa matuƙin alama da hannu. Na fahimci cewa mai hidima yana son ya faranta wa kowa, amma wanda yake son ninkaya kawai yana da jirage da yawa da za su kai shi, wanda ya zo don gilashi kuwa ba shi da wani. Ƙari a kan haka, gilashi na huɗu, wanda ke kusa da inji, ya sha ƙarce har ya yi hazo, ga kuma gansakuka ta fara kama shi ta ƙasa, alamar an kwana biyu ba a goge shi ba. Mutum biyar da suka zauna a wannan kai ba su ga rabin abin da muka gani ba, kuma babu wanda ya ce a yi musayar wuri. Akwai kuma ɗabi'ar da ban so ba, ta watsa gutsattsarin burodi a ruwa don kifaye su taru ƙarƙashin jirgi. Suna taruwa kam, har su rufe gilashin, amma abin da ake gani a lokacin rububi ne, ba rayuwar kifi ba. Kifin da ya saba da hannun mutum yana sauya ɗabi'a, kuma wuraren da ake kare halittun teku da yawa sun hana wannan ciyarwa.

Wurin ninkayar kansa ba shi da makusa. Wani lungu ne da duwatsu suka rungume ta gefe biyu, ƙasansa farin rairayi, ruwan kuma kore mai haske a kusa da gaɓa, yana komawa shuɗi yayin da yake nisa. Matuƙin ya jefa anga a kan rairayi tsantsa, ya kashe inji, ya zare makulli ya sa a aljihu kafin ya bar kowa ya kusanci tsani, domin farfelar jirgi ita ce abu mafi haɗari ga mai ninkaya a gefensa. Na sauka tare da ɗana. Ruwan yana da ɗumi a sama da ɗan sanyi a ƙafa, kuma wanda ya saba da kogi ko tafki zai ji jikinsa ya yi sauƙi, domin kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, wanda ke ƙara wa ruwan nauyi ya riƙa ɗaga mutum sama. Ɗana ya kwanta rigingine ya buɗe hannuwa, ruwan ya riƙe shi, yana kallon sama yana dariya. Wannan sa'a ta yi masa daɗi ƙwarai, kuma ba zan rage mata daraja ba.

Amma tsarin tsaro a wannan zango bai gamsar da ni ba ko kaɗan. Rigunan ceto suna cushe a ƙarƙashin benci, ba a raba su lokacin tashi ba, ba a kuma nuna wa kowa yadda ake ɗaura su ba sai da aka zo sauka, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Dukkansu na manya ne. Wadda aka ba ɗana, da ya shiga ruwa sai ta haye masa har kunnuwa, dole na tsaya kusa da shi ina riƙe da igiyarta ta baya. Rigar ceton da ta fi ƙarfin yaro tana iya zame masa ta kai, kuma kamfanin da ke sayar wa iyalai tikiti ba shi da hujjar rasa ta yara. Tsanin matakai uku ne kawai, mai santsi, babu abin riƙewa a sama, har wani mutum mai jiki ya kasa hawowa sai da aka jawo shi ta hannu. Tabarau da bututun numfashi kuwa daga bakin wannan zuwa bakin wancan suke yawo, ba a ko ɗauraye su da ruwan daɗi. Babu wanda ya gargaɗe mu game da bushiyar teku, wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke maƙale a gindin duwatsu, wadda ƙayarta ke karyewa cikin tafin ƙafa. Ni na hango su da kaina na janye yaron daga wajen.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya faru ne wajen ƙarshen zangon. Teku ya fara janyewa, ruwan da ya cika lungun yana neman hanyar fita ta bakinsa, sai wani ja ya taso a can wanda ba a ganinsa daga sama. Wata budurwa sanye da rigar ceto ta kifa fuska tana kallon ƙasa ta tabarau, ba ta san ruwa yana tafiya da ita ba. Da ta ɗago ta ga jirgin ya yi mata nisa, sai ta fara bugun ruwa da ƙarfi tana nufo mu kai tsaye, ba ta gaba ba ta baya. Ɗan jagoran, wanda aikinsa ne ya tsaya a kan jirgi yana ƙirga kawuna, yana cikin ruwa yana ɗaukar wasu hoto. Matuƙin ne ya gan ta. Bai yi ihu ba, ya ɗauki zoben ceto mai igiya ya wurga shi gaba da ita kaɗan yadda ruwa zai kai mata, ya yi mata alama ta riƙe kawai ta daina bugu, ya jawo ta sannu a hankali har gindin tsani. Duka abin bai kai minti uku ba, kuma rabin fasinjojin ba su ma san an yi ba. Ka'idar da ya kamata a gaya wa kowa kafin ya sauka gajeriya ce. Idan ruwa ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi gaba da gaba, domin gajiya ce take nutsar da mutane. Ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu a gan shi, idan kuma zai yi iyo ya yi ta gefe har ya fita daga hanyar jan.

Duk wannan lokaci, awa ɗaya da minti ashirin, yayata tana zaune a jirgi tare da wasu mutum huɗu da ba su sauka ba, gilashin yana kallon rairayi tsantsa. Babu abin da aka tanadar musu. Da kamfanin yana da ƙarin ma'aikaci mai tsaron masu ninkaya daga ƙaramin kwale-kwale, da matuƙin ya iya komawa da waɗannan biyar kan murjani, kowa ya samu abin da ya zo nema.

Wanda zai yi irin wannan tafiya, akwai tambayoyin da suka fi launin jirgi da kyan takardar talla muhimmanci. Ya tambayi minti nawa za a tsaya a kan murjani da inji a kashe, ya kuma nemi amsa da lamba. Ya leƙa gilasan da idonsa kafin ya zauna. Idan da yaro, ya sa a kawo rigar ceton yaron a gwada masa tun a kan gaɓa. Lokacin tashi ma yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Haske ya fi ratsa ruwa idan rana ta ɗaga sosai, daga hantsi zuwa azahar, da sassafe ko da yamma kuwa yawancinsa a kan fuskar ruwa yake tarwatsewa. Bayan ruwan sama mai yawa ko iska mai ƙarfi teku yakan gurɓace da laka na kwana ɗaya ko biyu, kuma babu gilashin da ke maganin wannan. A yawancin gaɓoɓin duniya teku yana cika ya janye sau biyu a kwana, lokacin kuma yana ƙara jinkiri da kimanin minti 50 kowace rana, cikar da janyewar suna tsananta a tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa. Saboda haka jirgin da ke tashi ƙarfe goma kullum ba teku ɗaya yake tararwa ba, kuma matuƙi na ƙwarai zai gaya maka gaskiya idan ka tambaye shi ranar da ta fi. Game da kariya daga rana, riga mai dogon hannu da hula sun fi man shafawa, musamman da yake wasu sinadaran da ke cikin man, irin su oksibenzon, ana zarginsu da cutar da murjani, har ƙasar Palawu ta hana su daga 2020, jihar Hawayi ta Amurka kuma ta hana sayar da su daga 2021.

Zan sake shiga jirgi mai daɓen gilashi, kuma zan ba duk mai dattijo ko ƙaramin yaro shawarar ya kai su. Wannan kamfani kuwa ba zan ce a guje shi ba, saboda matuƙinsa, amma ba zan sake ba shi ɗana ba sai na ga rigar ceto daidai jikinsa da mutum tsaye a kan jirgi wanda ba shi da wani aiki sai kallon masu ninkaya. Na rubuta musu wannan a takardar jin ra'ayi da suka miƙo mana, tare da batun gilashi na huɗu da na burodi.

A hanyar dawowa kowa ya gaji, samarin sun yi shiru, gishiri ya bushe ya yi fari a fatar ɗana. Da muka kusa wurin da muka tsaya da safe, yayata ta ce in roƙa mata matuƙin ko zai ɗan rage gudu. Na isar masa da saƙon ba tare da na sa rai ba, domin akwai wasu fasinjojin da ke jiransa a gaɓa. Ya dube ta, ya dubi rana, sannan ya kashe injin. Ruwan ya ragu sosai a lokacin, murjanin ya matso kusa da gilashi har ana ganin ƙananan ramukan jikinsa ɗaya-ɗaya, jan launin da ɗana ya nema da safe kuma ya ɗan bayyana a kan wasu rassa. Sai ga kunkurun teku ya fito daga ƙarƙashin wani dutse, yana kaɗa hannuwansa na gaba a natse, ya ratsa gilashi na biyu da na uku, ya nufi sama don ya shaƙi iska. Muka ɗaga kai gaba ɗaya muka ga kansa ya ɓullo a gefen jirgin, ya buɗe baki ya ja numfashi, ya koma. Yayata ta sake sunkuyawa kan akwatin tana binsa da ido har ya shige cikin shuɗin ruwa, sannan ta gyara zama ta ce wa matuƙin ya tayar, ta gode.